Dutsen da Ya Ƙi Ruwa

Da hantsin Asabar Safiya ta sauko da gwangwanin biskit ɗin da ke can saman wadirob ɗinta, ta buɗe, ta tarar da shi wayam. Ta rufe ta sake buɗewa, sai ka ce gwangwanin wasa yake mata. Takarda mai ƙyallin da ta naɗe abin da ita tana nan, har an ninke ta tsaf an ajiye a gefe, aikin mai tarbiyya. Dutsen ne babu.

Duk wanda aka ce masa mace mai hankalinta, malamar kimiyya a makarantar sakandare, ta tsaya a tsakar ɗaki tana salati saboda dutse, zai ce a kai ta a duba ta. To amma wannan dutsen shi ne digirinta na biyu ɗungurungum. Guntun dutsen farar ƙasa ne, girman sabulun wanki, wanda ta sa aka yanka aka goge fuskokinsa biyu har suna santsi. Watanni ta yi tana jiƙa shi a cikin ɗanyen mai mai kauri, ɗan abin da ya rage a wata kwalba da malamarta Dokta Scholastica ta adana tun zamanin da ake kawo irinsa matatar mai ta Rido. Kwalbar ta ƙare ƙaf, kuma ba inda za a samo wata.

Abin da Safiya ke bibiya a cikin man sunansa asfaltin. Shi ne ɓangaren da ya fi nauyi da baƙi a ɗanyen mai, shi ke ba kwalta baƙinta da danƙonta, kuma ba ya da aiki sai naci. In ya sami fuskar dutse sai ya kwanta a kai ya manne, ya yi wata fata siririya wadda bawon albasa ma bargo ne a kanta, wanki kuma ba ya fitar da ita duka. Dutsen da a da ruwa ke kwanciya a kansa sai ya koma ƙin ruwa. A can ƙarƙashin ƙasa wannan hali ne ke sa mai ya maƙale a jikin dutse, a tura ruwa ya koro shi, ruwan ya zame ya wuce ya bar shi. Aikin da ya rage mata shi ne ta ɗiga ruwa a kan dutsenta gaban wata na'ura mai kyamara, a auna yadda ɗigon ya tsaya. Na'urar tana ɗakin gwajin wani kamfanin fenti a Kudenda, kuma bayan roƙo da jeka-ka-dawo sun ce ta zo Litinin, Litinin ɗin nan kaɗai. Sharaɗin aikin guda ne, kada fatar ɗan Adam ta taɓa fuskar dutsen. Ita kanta da safar hannu take ɗaukarsa, ta gefe-gefe, tana riƙe numfashi. Don haka ma ta ɗauke shi daga makaranta, inda ɗalibai ba sa ganin abu su ƙyale, ta kawo shi gida wai don ya tsira.

Tana tsaye da gwangwani a hannu ta jiyo wani sauti daga falo. Tas. Tafin hannu ne a kan abu mai tauri.

A falon mahaifinta ne zaune a kan darduma, Baba Isiyaku, tsohon ma'aikacin masaƙa daga Makera. An yi masa aikin yanar ido a idon dama, na hagu kuwa ya daɗe da yin sallama. Likita ya ja masa kunne ya ja wa Safiya, ya ce ruwa kada ya kusanci fuskarsa sai ya sake duba shi, in ba haka ba aikin ya ɓaci, kuma ba wani idon a ajiye. Shi ya sa ta ɗauko shi zuwa gidanta na bene a Barnawa, tare da ƙanwarsa Goggo Indo mai jinya. Baba na sanye da baƙin tabarau, abin da yake gani bai wuce inuwa-inuwa ba tukuna. Yana shirin sallar walaha. A gabansa, cikin murfin wani ƙaramin kwano, ga dutsen Safiya, launin shayin da ya sha wuta, ga tafukan Baba biyu shimfiɗe a kansa.

Ta jira ya sallame, don duk haushinta ba ta kai ga katse wa mutum salla ba. Amma ta ji jiran a wuyanta.

"Goggo!" ta kira. "Wa ya shiga ɗakina?"

Goggo Indo ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani. Ta bi yatsan Safiya da kallo, ta ce, "Au, wannan? Ai ni na samo masa. Ke wannan gida naki gida ne? Ƙasa tayil, bango fenti, tsakar gida an shafe da siminti, tukunyar furenki ma ta roba ce da furen roba. Bawan Allah zai yi taimama tunda an hana shi ruwa, na zaga gidan nan kaf ban sami ƙasar da za ta cika cokali ba. Sai Allah ya nuna min gwangwani."

"A saman wadirob, Goggo? Allah ya nuna miki, ko kujera kika taka?"

"Kujera na taka, Allah ya nuna min."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka dawo daga asibiti. Ke kina can makaranta kullum, wa zan tambaya? Kuma da na ga yadda kika naɗe shi kamar kayan amarya, na ce lallai wannan mai tsarki ne."

Safiya ta sa safar hannu ta durƙusa. Fuskar sama ta tafi, wannan ba sai an kira na'ura ba. Tana ƙyalli da man kaɗen da Goggo ke shafa wa Baba a hannu safe da yamma, har shatin yatsu ana gani. Ta ɗaga dutsen ta gefe, ta leƙa ƙasansa. Ikon Allah, murfin kwanon ya fi dutsen ƙanƙanta, kusurwoyinsa ne kawai suka hau baki, fuskar ƙasa tana rataye ba abin da ya taɓa ta. Ta sauke wata ajiyar zuciya mai ƙarfi. Ta koma ɗaki ta kira Dokta Scholastica.

"Taimama?" in ji Dokta. "Safiya, shekarata nawa ina wannan aiki, ɓera ya ci min sampul, wuta ta ƙona min sampul, amma wannan sabo ne. To ki ji. Fuska ɗaya ta isa, in dai ba a taɓa ba. Abeg, don Allah ki ɗauke shi yanzu-yanzu. In Litinin ta wuce sai wata shekara, kuma ban san da wane mai za ki sake ba."

Da ta dawo falo ta yi wa Baba bayani cikin ladabi, gwargwadon ladabin da ya rage mata. Baba ya saurara yana gyaɗa kai. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Ba komai, Uwata," ya ce. "Ki ba ni wani, ki ɗauki naki."

Magana mai sauƙi, ga wanda bai san Baba Isiyaku ba. Mutum ne da in ya yi alwala ya ji shakkar ko ya wanke gwiwar hannu sai ya koma farko. A Makera ana cewa butarsa ta fi ta kowa shan wahala a unguwar. Safiya ta san haka sarai, amma ta ɗauka dutse dai dutse ne, kuma Kaduna ba ta rasa duwatsu ba.

Ta sauka ƙasa. A kangon da ake gini bayan gidansu ta tsinci wani mai faɗi, ta wanke ta kawo. Goggo ta karɓa ta ƙwanƙwasa shi a bakin ƙofa, ya ɓare ya zubar da gari. Busasshen siminti ne.

"Abin da aka ƙona a wuta aka kwaɓa ba na taimama da shi," in ji Baba.

Ta sake sauka. A bakin titi ta zaɓo tsakuwa mafi girma, ta wanke da sabulu har sau ba adadi.

"Daga ina?" Baba ya tambaya.

"Nan bakin get."

"Nan da karen gidan Mista Benson ke zagayawa kowace safiya? Ina jin haushinsa daga nan."

"Na wanke, Baba."

"Kin san inda ya ɗaga ƙafa da inda bai ɗaga ba?"

Ba ta sani ba. Wa ke bin kare da ido yana lissafin inda ya ɗaga ƙafa? Ta wurgar da tsakuwar ta taga, ta ja gyalenta ta fita, tana magana ita kaɗai a kan matakala kamar sabuwar kamu. Ta tare keke ta ce ya kai ta bakin kogi. Mai keken ya dube ta ta madubi, ya dubi jakarta da takalminta na zuwa ofis, ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?" Ta ce lafiya ƙalau, dutse za ta ɗauko. Daga nan ya yi ta satar kallonta har suka isa.

Ta gangara ta bayan wani garejin makanikai, rana na dukan ƙeyarta. Laka ta cinye mata takalmi ɗaya, sai da ta sa hannu ta ƙwato shi. A bakin ruwa ta sami abin da take nema, wani dutse mai launin toka, sumul, mai nauyi, wanda ruwa ya goge shekara da shekaru. Ba siminti ba ne, ba kuma karen da zai ce ya san shi. Ta ɗauraye shi a kogin ta sa a jaka. Kafin ta iso gida azahar ta wuce, kuma Baba ya riga ya sake buga tafukansa a kan digirinta.

Ya karɓi dutsen kogin ya jujjuya shi. Ya auna nauyinsa. Ya shinshina.

"Dutse ne mai kyau," ya ce. "Sai dai zagayayye ne, in na ɗora hannu gangarawa zai yi. Wancan kuwa a kwance yake, hannuna ya saba da shi. Ki yi haƙuri, Uwata, kwana nawa ya rage likita ya sake ni? Da ya ce in taɓa ruwa sai ki ɗauki abinki."

"Baba, Litinin nake buƙatarsa. Jibi!"

"To ki je da shi ki dawo da shi kafin azahar."

"Ba a taɓa shi, Baba! Abin da nake ta faɗa ke nan tun safe. Kowane bugu ɗaya da ka yi, ana iya kuskure ya kife, shi ke nan na tashi a tutar babu."

Goggo Indo, wadda ke tsinkar zogale a gefe, ta ga lokacin sa baki ya yi. "Oh ni Indo. Dutse fa! Mutumin nan ya shaƙi ƙurar auduga shekara da shekaru ya kai ki makaranta, yau dutse kike masa rowa. Da zinariya ce sai a ce. Wannan boko naku, in ya yi yawa, kai yake taɓawa."

A nan ne igiyar ta tsinke. Laka na bushewa a ƙafarta, gumi na bin bayanta, yunwa na cin ta, ga Goggo da ta jawo komai tana mata wa'azi. Safiya ta miƙe fuu ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramin sirinjin aikinta. Ta zuƙi ruwa daga kofi, ta durƙusa gaban dutsen, ta saki ɗigo ɗaya a kan fuskar sama.

"Goggo, zo ki gaya masa abin da kika gani, tunda ni ba a jin maganata."

Goggo ta matso ta sunkuya. "Ya tsaya," ta ce. "Bai kwanta ba. Ya dunƙule kamar ƙwayar carbi."

"Kin san me ya sa? Dutsen nan fari ne tas da aka yanko shi. Wannan launin da kike gani ba nasa ba ne, abin cikin ɗanyen mai ne ya manne masa, ya rufe shi ruf, ko ƙofar allura bai bari ba. A wanke da sabulu, a wanke da kananzir, ba ya fita duka. Ruwa ma bai isa ga dutsen nan ba, balle tafin hannu. Kwalta kake bugawa, Baba! Kana ta ƙin siminti, kana ƙin tsakuwa, alhali tun ranar farko hannunka bai taɓa dutse ba ko sau ɗaya!"

Ta san man kaɗen ma ya taimaka wa ɗigon ya tsaya, amma ba ta faɗa ba, don ba gaskiya take nema ba a lokacin, nasara take nema. Ta kuwa samu. Zogalen ya tsaya a hannun Goggo.

Baba ya janye hannuwansa daga kusa da kwanon a hankali ya ɗora a cinya. "Tun ranar farko, kika ce?"

"Baba, ni ba malama ba ce, ban ce sallarka..."

"Ɗauki abinki."

Ta ga yatsunsa na motsi a kan cinyarsa, babban yatsa na bin gaɓoɓin sauran, yana ƙirga kwanaki, yana ƙirga salloli. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Goggo ta ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, kuma a bari a tambayi liman. Baba bai ko juya ba. Safiya ta ɗauki dutsenta ta gefe-gefe, ta naɗe shi a takardarsa, ta mayar gwangwani. Abin da ta yini tana nema ya dawo hannunta, amma ko kaɗan ba ta ji daɗi ba. Kunya ta ji, da haushin kanta, da haushin Goggo, da haushin wanda ya fara ƙirƙiro tayil.

Aka kira la'asar. Ta ɗauko dutsen kogin ta ajiye a gaban Baba, da murya ƙasa-ƙasa ta ce ga shi, za ta tallafe masa don kada ya gangara.

"Ɗiga masa ruwan shi ma," in ji Baba.

"Wannan daga kogi yake, Baba. A cikin ruwa ya rayu."

"Ɗiga masa."

Ta ɗauko sirinji da ƙarfin gwiwa, har da ɗan murmushin malamar da za ta nuna wa aji abin mamaki. Ta saki ɗigon. Ya sauka, ya yi ɗan rawa, ya dunƙule ya tsaya cak. Sai a lokacin ta tuna garejin makanikan, da lambatun da ya gangaro daga cikinsa baƙi ƙirin da man juye na motoci, ya bi ta daidai inda ta tsuguna.

"Indo?" Baba ya tambaya.

Safiya ta yi wa Goggo ido. Goggo ta gani sarai. Amma matar da ta taka kujera ta shiga gwangwanin mutane, yau ita ce ba ta iya ƙarya ba. "Ya tsaya, Yaya," ta ce.

"Bari in wanke shi da omo," in ji Safiya da sauri.

"Ke kika ce wanki ba ya fitar da shi."

"Wannan daban ne, man mota ne, ba irin..."

"Kuma kin ce ko ƙofar allura ba ya bari. To wane dutse zan ɗauka in san ba ya da fata? Ni da ba na gani ma." Ya cire baƙin tabaran ya ajiye a kan darduma. Idon da aka yi wa aiki ya bayyana, ja-ja, yana ƙyafƙyafta saboda haske. Ya fara naɗe hannun riga. "Indo, kawo min buta."

"Yaya, likita fa ya ce..."

"Likita zai tsaya min a kabari? Na yi kwana da kwanaki ban san ko ina da tsarki ba. Ba zan ƙara ko ɗaya a kai ba."

Safiya ta roƙe shi. Ta ce ya wanke hannu da ƙafa ya bar fuska, ya ce wannan ba alwala ba ce. Ta ce ya rufe idon gam, ya ce zai rufe, amma ta san wankin fuskar Baba, mutumin da ke kwarara ruwa har ya jiƙa wuyan riga. Ta kira lambar limamin unguwarsu ta Makera, waya a kashe, yana jan salla mana. Goggo ta ɓoye butar a bayan firij. Baba ya dafa kujera ya miƙe, ya kama bango yana laluben hanyar banɗaki, inda famfo yake. Tsoho ne mai ƙashi, ba kuma wanda zai kama mahaifinsa da kokawa.

"Baba, tsaya!" ta ce. "Fatar a waje take. Cikin dutse ba abin da ya taɓa shi. In na fasa maka shi fa?"

Ya tsaya, hannunsa a kan bango.

Ta suri dutsen kogin da taɓaryar Goggo ta yi baranda. Ta ajiye shi a ƙasa ta ɗaga taɓarya ta maka masa. Hannunta ya yi tsami har kafaɗa, dutsen ko gezau. Ta sake. A karo na uku taɓaryar ta same shi a gefe, ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙarafan baranda, ya faɗa lambatun ƙasa, ta ji ƙarar shigarsa cikin ruwan ƙazanta. Ta leƙa. Rana ta karkata, haskenta ya fara yin ja a kan rufin gidajen Barnawa. Daga ciki ta ji ƙarar ƙofar banɗaki, da muryar Goggo tana Yaya don Allah, Yaya don Annabi.

Dutse ɗaya ne ya rage a gidan, kuma farar ƙasa ba ta da taurin kai irin na dutsen kogi. Wannan ta sani tun aji ɗaya a jami'a.

Ta sauko da gwangwanin. Ko a lokacin ba ta saki rai ba, ta yi dabara irin ta masu ilimi. In ya rabu biyu, ta ba Baba rabi, ta riƙe rabi, ai na'urar ɗan wuri take buƙata. Ta shimfiɗa takardar mai ƙyalli a ƙasan baranda, ta tsayar da dutsen a kan gefensa, ta ce bismillah, ta buga.

Ya rabe a karkace. Ƙaramin ɓarin ya kife ya ja fuskarsa mai santsi a kan siminti, ya tashi daga aiki nan take. Babban ya kwanta a kan takardar lafiya lau. Cikinsu fari fat kamar gishiri.

Ta kwashi duka biyun ta shiga. Baba na bakin famfo, Goggo ta tare kan famfon da hannu biyu. Safiya ta ajiye babban ɓarin a kan kujera cikin takardarsa, ta matsa da ƙaramin, ta ɗiga ruwa a kan farar fuskar. Ɗigon ya baje ya kwanta. Ta kama yatsan Baba ta ɗora a wurin.

"Ka ji? Ya kwanta. Wannan fuskar tun da Allah ya halicce ta ba abin da ya taɓa ta sai yatsanka yanzu."

"Indo?"

"Fari tas, Yaya. Ruwan ya baje."

Baba ya daɗe yana shafa wurin, mai kaushi, mai sanyi. Kafaɗunsa suka sauka. Aka riƙo shi aka mayar da shi kan darduma. Safiya ta miƙa masa ƙaramin ɓarin, ya karɓa, ya sake taɓawa, ya mayar mata.

"Wannan kin jiƙa shi, Uwata. Ba ni busasshen."

Ta dubi babban ɓarin da ke kan kujera. Ta dubi hasken da ke shigowa ta taga, wanda ya riga ya zama ruwan goro. Ta ɗauko shi ta gefe-gefe da safar hannunta, ta juya farar fuskar sama, ta ce bari ta riƙe masa, shi dai ya ɗora tafi kawai. Amma mutumin da aka gaya wa ya yi kwanaki yana buga kwalta ba zai ƙara yarda da hannun kowa ba. Ya karɓe shi gaba ɗaya. Ya jujjuya shi cikin tafukansa masu ƙyallin man kaɗe, yana bin kowace fuska da yatsu, mai santsi ta sama, mai santsi ta ƙasa, yana murzawa da kyau don ya tabbata, har ya dawo kan mai kaushin. Watannin jiƙo da kwalbar ƙarshe da Litinin ɗin Kudenda, duk ta tsaya tana kallo suka bi yatsun mahaifinta.

Ya yi taimamarsa a natse, ya tayar da salla. Wayarta ta yi ƙara a ɗaki, ta san ko wace ce, ta bar ta ta gaji ta yi shiru. Goggo ta tsinci ƙaramin ɓarin tana jujjuyawa, ta matso ta raɗa mata cewa akwai wani gam mai ƙarfi da ake sayarwa a kasuwar Barnawa, ko fasasshen faranti yana kamawa. Safiya ta dube ta kallo ɗaya, Goggo ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da Baba ya sallame ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Ya lalubo ɓarin dutsen ya ajiye shi a cikin murfin kwano, farar fuskar sama, ya gyara masa zama.

"Aikin naki bai ɓaci ba dai ko, Uwata? Ai rabi ma zai ishe ki."

"Lokacin maganinka ya yi, Baba. Ɗaga kai."

Ta cire safar hannun ta jefar a kwandon shara, ta wanke hannu, ta ɗauko ɗan kwalban maganin ido. Ta tallafi haɓarsa, ta ja fatar idon ƙasa a hankali kamar yadda likita ya koya mata, ta saki ɗigo ɗaya. Ya ƙyafta, ya ƙyafta, sannan ya tsaya yana dubanta daga kusa, ya daɗe.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau na fara rabe fuskarki. Kuka kike yi?"

"Haushi nake ji, Baba," ta ce. "Haushinka nake ji kamar in mutu. Kar ka motsa, saura ɗigo ɗaya."